Bijimin Haladu a Gaban Mahauta

Tun kafin wani ya ce na ci mutuncin mahauta, bari in wanke kaina. Ni jikan masunta ne, busasshen kifi nake sayarwa a bakin kasuwa, kuma kowa ya san tsakaninmu da rundawa, wato mahauta, akwai wasa tun kaka da kakanni. Wanda labarin nan ya yi wa zafi ya zo rumfata ya rama, ina nan daga hantsi zuwa la'asar.

Abin ya faru ne lokacin da mahautan garinmu suka gama gina sabuwar kwata. Gini ya yi kyau, ƙasa siminti, ga famfo, ga ƙugiyoyin rataye nama suna ta sheƙi. Abu ɗaya ya rage, babban allon da za a kafa a bakin ƙofa da zanen bijimi a jikinsa. Mutum biyu ne ke neman aikin. Na farko Baba Nalado, tsohon mai fenti, wanda ya zana san da ke jikin tsohon allo shekara ashirin da suka wuce. Wannan sa, Allah ya ba Baba haƙuri, har gobe in baƙo ya tambayi hanyar kwata, ce masa ake yi ya miƙe, in ya ga jaki mai ƙaho ya karya dama. Na biyu abokina Haladu, mai shagon kwamfuta kusa da tasha, wanda ke buga katin biki da kalandar ƙungiyoyi.

Haladu ya sa aikin nan a ransa fiye da kima. Sati uku ya yi yana zana bijimi a wata sabuwar manhajar zane da ya samo, ko abinci sai an yi masa magana sau biyu. Ya faɗa wa majalisarmu aikin nasa ne, ya faɗa wa surukansa, har matarsa ta fara kiran kwata "wurin aikin maigida". Lissafinsa shi ne in allon kwata ya fito daga hannunsa, masu tsire da masu shayi duk za su biyo layi. Abin da bai so ya tuna ba, ni kuwa kullum sai na tuna masa, shi ne in jaki mai ƙaho ya kayar da shi, ba shi da sauran bakin magana a garin nan.

Sarkin Fawa, Alhaji Bawale, ya sa ranar Laraba bayan azahar, kowa ya zo ya nuna abin da ya iya a gaban 'yan ƙungiya. Ni na ara wa Haladu janareto, kuma ba na barin janaretona a hannun mahauta ba mai tsaro. Shi ya sa na ga komai da idona.

Baba Nalado ya zo da burushi ɗaya a bayan kunne da ɓarin goro a kumatu, ya samu benci a can gefe ya zauna. Haladu kuwa ya zo da kaya niƙi-niƙi: kwamfuta, majigi, wayoyi, da farin zanin gadon matarsa da muka ɗaure a bango don hoto ya fito a jiki. Majigi ba ya son haske, sai aka toshe tagogi da fatun shanun da aka feɗe da safe. Mahauta ko a jikinsu, gwano ba ya jin warin jikinsa. Ni da nake wuni cikin kifi sai da na cire hula na toshe hanci.

Haladu ya danna, sai ga bijimi a jikin zani. Gaskiya ɗaya ce, sa ya yi kyau. Ja ne jawur, ga dogayen ƙahoni, tozo a tsaye, igiya a wuya, jela har da tukkun gashi. Wuri ya ɗauki "Masha Allah". Jibo, ƙaton da ke saran ƙashi da gatari, ya tashi ya je zai latsa tozo yadda ake yi a kara, kasuwar shanu. Yana shiga cikin haske sai rabin sa ya hau gadon bayansa. Aka yi ta yi masa ihu ya sauke wa mutane sa ya zauna.

Sarkin Fawa ya daɗe yana kallo, ya karkata kai hagu, ya karkata dama.

"Haladu, sa kam sa ne," in ji shi. "Amma maraƙi ka kawo mana. Kwatar gari guda ce fa, ba yankan suna za mu yi ba. Ba shi da wa?"

Abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo. Wannan maganar Haladu yake jira tun sati uku.

"Ranka ya daɗe, ai ba sai an je neman wansa ba. Shi ɗin zan ƙara wa girma yanzu a gabanku."

Ya ɗora hannu a kan ɗan abin nan da ake turawa a teburi, wanda suke kira maus, ya murza 'yar tayar da ke bayansa. Haka ake yi in ana so a jawo zane kusa. Bijimi ya kumbura. Ya sake murzawa, ya ƙara kumbura, ƙirji ya buɗe, cinyoyi suka cika.

"Allahu akbar! Kiwon wata shida a murza ɗaya!"

"Ba dusa, ba harawa!"

"Ƙara masa, Haladu, ƙara masa!"

Na leƙa Baba Nalado, na ga ya daina tauna goro. Da Haladu ya tsaya a nan, da tuni an shafa fatiha kowa ya kama gabansa. Amma yabo ya shiga kansa, ya yi murza uku a jere yana murmushi.

To shi hasken majigi iyakarsa iyakarsa. Fili ne mai kusurwa huɗu a jikin zani, ba ya ƙaruwa don zane ya ƙaru, kuma abin da ya wuce bakinsa ba ya fitowa. Da sa ya cika wurin, ƙahoni suka fice ta sama, kai ya fice ta hagu, jela ta dama, ƙafafu ta ƙasa. Aka bar gangar jiki ƙatuwa a tsakiyar zani, an datse ta ta ko'ina, datsa miƙaƙƙiya ba ko karkacewa.

Wuri ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar janaretona.

"Ina kan?" in ji Jibo.

"Yana nan," in ji Haladu.

"Yana ina?"

"Yana nan dai. Bai fito ba ne kawai."

Wayyo Haladu. Da ya shawarce ni, da na gaya masa babu maganar da ta fi wannan muni a kwata. "Yana nan" ita ce amsar da ake bayarwa in hanta ta yi ƙafa tsakanin wurin fiɗa da teburi. Mutanen da suka shekara talatin da wuƙa a hannu sun yarda da abu ɗaya: abin da aka yanke ba ya bin iska, akwai hannun da ya karɓa.

Jibo ya tashi ya ɗaga zani ya leƙa bayansa, ya ga bango. Ya durƙusa ya duba ƙarƙashin teburin Haladu, ya ga wayoyi. Sai ya juyo kaina.

"Kai, Ɗan Masunta, mene ne a buhun nan naka?"

"Jarkar fetur ce."

"Buɗe."

"Kan sa zai shiga buhun nan, Jibo?"

"Ku masunta ba abin da ba ku iya naɗewa. Buɗe."

Na buɗe. Ya sansana jarka, ya mayar, bai ba ni haƙuri ba.

Haladu ya ga abin zai lalace, ya murza taya baya da sauri. Kai ya dawo, ƙafafu suka dawo, jela ta dawo, amma sa ya koma ɗan mitsitsi kamar yadda ya fara. Gunaguni ya tashi.

"Au, ya dawo da su."

"Da aka matsa masa ba. Amma dubi yadda ya rame."

Sarkin Fawa ya ɗaga hannu, aka yi shiru. Ya gyara zama.

"Murza."

Haladu ya murza. Sa ya yi ƙiba, kai da ƙafa suka tafi.

"Mayar."

Ya mayar. Kai da ƙafa suka dawo, ƙiba ta tafi.

"Murza. Mayar. Murza. Mayar."

Sai da aka yi haka sau biyar, mahauta arba'in suna bin sa da ido, kawunansu na gaba suna baya. Sannan Sarkin Fawa ya jingina da bango.

"Na gane. In ta ba ka sa cikakke, sai ta zuƙe shi. In ta ba ka mai ƙiba, sai ta cire kai da ƙafa. Haladu, tsakaninka da Allah, na'urar nan taka a wace kara ta yi dillanci?"

Aka fashe da dariya. Haladu ma ya yi, irin wadda ake cewa ta fi kuka ciwo.

"Ranka ya daɗe, ba abin da ta cire. Bari in nuna maku kan yana nan, ba tare da na rage wa sa ko kaɗan ba."

Ya sake kumbura sa, sannan ya danne maus ya ja zanen zuwa dama. Ga kai nan ya shigo ta hagu a hankali, ƙato, ido ɗaya ya kai faifai. Haladu ya juyo yana jiran tafi. Bai lura ba cewa yayin da kai ke shigowa ta hagu, baya yana ficewa ta dama.

"Innalillahi!" Jibo ya dafe kai. "Ya ba da cinya biyu ya karɓo kai!"

"A'a, ba bayarwa na yi ba, ja na yi..."

"Wa ya taɓa yin irin wannan musayar? Cinya biyu! Da ƙugu! Mayar musu da kansu ka karɓo mana cinyoyinmu!"

Haladu ya ja hagu. Cinyoyi suka dawo, kai ya tafi. Sai wani siririn dattijo mai babbakar kai da ƙafa ya miƙe daga baya.

"Wato mu ne ba 'ya'ya ba ko? A kafa allo ba kai ba ƙafa, mata masu farfesu su wuce su ce mun daina? Sarki, shekara nawa ina cikin ƙungiyar nan?"

"Zauna, ba wanda ya kore ka."

"An kore ni mana, ga shi nan a bango kowa yana gani!"

Daga nan kuma abin ya zama ciniki. Masu tsoka na cewa a ja hagu, masu kai da ƙafa na cewa a ja dama, wani ya ce a ɗan ɗaga sama ko kofatai za su shigo. Haladu na ja, suna ihu. Sun fi minti goma sha biyar suna tattauna abin da ƙungiya za ta iya haƙura da shi. Daga ƙarshe aka daidaita a kan a sallama jela da tsinin ƙahoni, tunda ba mai cin su. Haladu ya lallaɓa ya saita, ya saita, har aka ce ya yi. Sai wani ya nuna sama. Bakin haske ya shafce kan tozo, ya bar shi a daddaɓe.

"Tozo kuma ba a taɓa shi," in ji Sarkin Fawa a hankali. "Ko ubana ne ya zana."

Ni dai ina gefe ina cin dariyata a cikin hula. Mutanen da kullum aikinsu su yanki na wani, yau an yanki nasu a jikin zanin gado sun kasa zama. Wanzami ba ya son jarfa.

Ana wata ga wata. Malam Sallau, wanda shi ne ke sa wuƙa a wuyan duk dabbar da za a yanka a kwata, mutum ne mara hayaniya, tun da aka fara yana gefe yana jan carbi. Ya yi gyaran murya, kowa ya nutsu.

"Malam Haladu, tambaya gare ni."

"Allah ya gafarta malam."

"Lokacin da kan nan ya fita da farko, me ka karanta?"

"Karanta kuma? Ban karanta komai ba, Allah ya gafarta malam. Taya kawai na murza."

"To. Ina san nan ya fuskanta?"

Kowa ya dubi sa, ya dubi ƙofa, ya lissafa da yatsa. Yamma ya fuskanta.

"Ba bisimilla, ba alƙibla," in ji Malam Sallau yana ninke yatsu, "kuma yana tsaye da ransa aka cire masa ƙafafu. Wannan ko ɗan makarantar jiya ka tambaya zai gaya maka sunansa mushe. Yanzu hoton mushe za mu kafa a ƙofar kwata?"

"Allah ya gafarta malam, ai zane ne. Ba shi da rai."

"Ba shi da rai?"

"Ko kaɗan."

"To abin da ba shi da rai yaya aka yi yake ƙiba?"

 Haladu ya dube ni yana neman agaji. Ni kuwa na ga ya kamata in duba man janareto.

Gumi ya fara keto masa, har yana ɗiga a teburi. Ya kai hannu zai mayar da sa yadda yake, yatsa ya zame, tayar nan ta yi ta juyawa gaba ita kaɗai. Bijimi ya taso mana kamar zai faɗo a kanmu, na gaba suka kauce. Kafin ka ce kwabo, ba tozo, ba ciki, ba ko layi ɗaya. Zanen ya zo kusa har ya wuce gani, zani ya koma ja kawai daga kusurwa zuwa kusurwa.

Na ce a raina shi ke nan, ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Amma sai na ji wata ajiyar zuciya ta zagaya wuri. Na duba, na ga fuskoki sun yi laushi, jan haske na haska su.

"Tsoka zalla," wani ya faɗa da murya ƙasa-ƙasa.

"Ba ƙashi, ba jijiya."

"Wannan in aka shanya shi, kilishin gari guda ne."

Har Sarkin Fawa sai da ya haɗiyi yawu. Jibo ne kaɗai bai ji daɗi ba.

"Ba ƙashi? To ni kuma in sari me?"

Maganarsa ce ta farkar da Sarkin Fawa. Ya murje ido.

"Tsaya tukuna. Ɗazu kai da ƙafa muke nema. Yanzu san ne gaba ɗaya babu. Haladu, ina sanmu?"

Haladu ya mayar da taya baya, baya, baya, har bijimi ya dawo ɗan ƙarami a tsakiyar zani. Ya share gumi da hannun riga, ya miƙe tsaye. Na ba shi wannan, bai gudu ba.

"Ranka ya daɗe, iyayena, ku saurare ni minti ɗaya. Ku ɗauka kuna cikin ɗaki, sa yana tsakar gida, kuna kallonsa ta taga. In yana nesa, za ku gan shi duka, amma ƙarami. In aka jawo shi jikin taga, sai ku ga cikinsa kawai, amma babba. Kansa bai je ko'ina ba, bango ne ya kare. Wannan hasken taga ne. Shi ke nan fa, wallahi ba wani abu."

Bayani ya yi kyau. Na ga wasu sun fara gyaɗa kai. Sai Baba Nalado, wanda tun da ya zauna bai ce ko sannu ba, ya tofar da tukar goro a gwangwani, ya yi magana ba tare da ya dubi kowa ba.

"Ni dai ba mahauci ba ne. Amma wanda duk ya ce ka tsaya a ɗaki ya nuna maka sa ta taga, ƙafa uku gare shi."

Kwata ta ɗauka. Jibo har da buga benci. Na ji tausayin Haladu a lokacin, tsakani da Allah. Sati uku na wahala, ga surukai an faɗa wa, ga shi tsoho da burushi ɗaya zai tashi da aiki da magana ɗaya.

Amma wuya ta koya wa Haladu yaren mahauta. Ya bar zancen taga, ya buga teburi.

"To a yi shi yadda kuke yi! In aka ba ku amanar dabba, ba shaidu kuke sawa ba? A sa shaidu. Kowa ya riƙe gaɓa ɗaya da ido, ya san ta sarai. Zan murza sau uku in mayar sau uku. In ko gashi ɗaya ya ɓata, na haƙura da aikin, kuma ku riƙe majigin."

Majigin ma aro ne, amma ban tona shi ba.

Wannan magana ta yi wa Sarkin Fawa daɗi. Nan take ya raba aiki. Jibo ya riƙe cinyoyi. Dattijon nan mai babbaka ya riƙe kai da ƙafafu huɗu, ya matso har hancinsa na taɓa zani, ya ƙirga kofatai da babbar murya. Malam Sallau ya riƙe wuya, bisa sharaɗin a yi bisimilla kafin kowace murzawa, Haladu ya ce ya yarda. Sarkin Fawa ya riƙe tozo da kansa. Ni aka ba ni jela, wai daidai da matsayina. Na ƙirga gashin tukku, sili goma sha ɗaya ne, na faɗa kowa ya ji.

"Bisimillahi," in ji Haladu, ya murza. Gaɓoɓi suka fice. Ya mayar, suka dawo.

"Bisimillahi." Suka fice, suka dawo.

Na uku ya kai shi har tsoka zalla, ya bar shi ya ɗan jima don kowa ya tabbata ba abin da ya saura, sannan ya dawo da shi a hankali.

"Shaidu," in ji Sarkin Fawa. "Jibo?"

Jibo ya je ya auna da taƙi, ya sake aunawa. Ba da son ransa ba ya ce, "Cinya biyu, cif."

"Kai da ƙafa?"

"Kai ɗaya, kunne biyu, ƙafa huɗu. Har ɗan tabon da ke kan hanci ya dawo."

"Malam?"

"Wuya lafiya lau. Igiya ma tana nan."

"Ɗan Masunta?"

Na so in ce goma don in ga yadda za ta kaya, amma abota ta hana. Na ce, "Sha ɗaya."

"Tozo ma yana nan," in ji Sarkin Fawa.

Haladu ya ɗaga hannu biyu sama don murna.

"Kun gani! Kun gani da idonku! Ba ta cin komai!"

Aka fara tafi. Har Jibo ya zo ya dafa kafaɗarsa ya ce ya yafe masa zancen cinya. Baba Nalado ya ciro burushi daga bayan kunne, ya dube shi, ya zura a aljihu, ya fara laluben takalmansa. Ni ma na fara tunanin irin tsiren da zan sa Haladu ya saya mana.

Sarkin Fawa ne kaɗai bai yi tafi ba. Ya ƙura wa kwamfutar ido, yana shafa gemu.

"Haladu, matso. Tambaya ɗaya ta rage."

"Ko goma ne, ranka ya daɗe."

"Yankan nan da take yi, na duba shi da kyau. A miƙe, ba jini, ba tsagen ƙashi. Shekarata arba'in da wuƙa ban iya irinsa ba. To ka san al'ada. Mu in aka kira mu fiɗa a gida, ba ma komawa hannu rabbana. Ko wuya, ko kai, ko ƙafafu, ko wani abu daga kayan ciki, dole ya biyo mu a buhu. Mai gida ya sani, mu ma mun sani, haka muka tarar. Ita wannan, mene ne rabonta?"

"Ba ta da rabo, ranka ya daɗe."

"Ko ɗan abin taɓa miya?"

"Ko ƙwayar zarra."

"In ta yanka sau ɗari fa?"

"Sau dubu ma, sau dubu za ta mayar," in ji Haladu yana buga ƙirji. "Kuma ba ta gajiya, ba ta fushi, ba sai an roƙe ta ba. Kowa ya gani sai ya yaba. Gobe ma in kuna so, sai in kafa zanin nan a tsakiyar kasuwa duk gari su zo su kalla."

Tafi ya tsaya cak. Mahauta suka dubi juna. Sarkin Fawa ya juya wajen ƙofa, inda tsohon mai fenti ya riga ya sa ƙafa ɗaya waje.

"Nalado, dawo. Je ka jiƙa burushinka, allo naka ne."

Haladu ya yi tsalle kamar ya taka garwashi.

"Ranka ya daɗe! Yanzu fa shaidu biyar suka tabbatar ko gashi ɗaya ba ta ci ba!"

"Shi ya sa," in ji Sarkin Fawa. "Naɗe ta a zanin nan ka fita da ita ta ƙofar baya. Layya saura sati biyu, so kake mutanen gari su ji an samu mai yankan da ke mayar da kai da ƙafa?"